Halwa Da Guzurinta

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ɗan Adam da jiki da zuciya, Ya kuma ɗora masa haƙƙin kowannensu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wani matashi ya yi mana bayan sallar La'asar, a ƙofar masallacinmu a nan Matamaye. Malamin makarantar boko ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da mu, yana da mata da ƴaƴa uku. Ya jira har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya nuna mana wani abu a cikin salularsa. Wani gida ne a tsakanin duwatsu a ƙasar Turai, inda mutane suke biyan kuɗi masu yawa domin su je su zauna daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Lahadi. A bakin ƙofa ake karɓe musu wayoyinsu. Ba a yawan magana, ana kwanciya da wuri, ana tashi kafin fitowar rana, abinci ɗan kaɗan ne, sai miƙe gaɓoɓi da koyon jan numfashi a hankali. Wai wurin hutun zuciya da jiki ke nan.

Sai ya ce mana: "Malam, ni ma abin da nake bukata ke nan. Kaina ya cika. Ga hayaniyar yara, ga bashi, ga barci ya ƙaurace mini. Ko a cikin salla lissafi nake yi. Akwai ƴan'uwa da za su fita kwana uku zuwa wani masallaci ta wajen Magariya, sun ce in zo mu tafi. Jaka takwas ta rage mini, kuma mai ɗakina ta ce hatsin da ke gida ba zai kai mu ƙarshen wata ba. Idan na tafi, tawakkali na yi ko wauta? Idan na zauna, hankali na yi ko son duniya?"

Ba mu ba shi amsa a ranar nan ba. Muka ce ya dawo bayan kwana biyu, domin tambayar ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye, mutum yana neman takalminsa.

Abu na farko da ya kamata mu faɗa shi ne, kada mu yi wa waɗancan Turawa dariya. Lalle akwai abin mamaki a ce mutum ya biya kuɗi domin a hana shi magana, a ƙwace masa waya, a kuma rage masa abinci. Amma wanda ya dubi al'amarin da idon basira zai ga cewa marasa lafiya ne suka gane ciwonsu suka fita neman magani. Ciwon nan kuwa ya riga ya iso mana. Wa bai taɓa ganin mutum ya sallame salla ba, kafin ya yi istigfari hannunsa ya riga ya kai aljihu? Wa bai san gidan da miji da mata suke kwana kowa fuskarsa a kan hasken waya har dare ya raba ba? Shi kansa abin da ake kira ƙarshen mako ba daga gonakinmu ya fito ba. Daga masana'antu ya fito, kuma kamfanin motoci na Ford a Amurka yana cikin na farkon da suka mayar da aikin mako kwana biyar, a shekarar 1926. Manomin gero da gyaɗa, da mai lambun rake a kwarin Korama, hutunsu yana bin damina da kaka ne, ba ya bin Asabar da Lahadi. To amma yau a cikin sahunmu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da ƴan kabu-kabu, da ƴan kasuwar da ba su da kaka ba su da rani, kullum cikin gudu suke. Gajiyarsu gaskiya ce, kuma addini bai yi watsi da ita ba.

Muslim ya ruwaito labarin sahabi Hanzala, Allah Ya yarda da shi, wanda ya fito yana tuhumar kansa da munafunci, saboda idan yana gaban Manzon Allah (S.A.W.) zuciyarsa tana raye, idan kuwa ya koma cikin iyali da gona sai ya manta da yawa. Aka kwantar masa da hankali da cewa haka rayuwar mumini take, wannan hali da lokacinsa, wancan da lokacinsa. Buhari kuma ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa a hargitse saboda mijin ya juya wa duniya baya. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya karya azumin nafilarsa suka ci tare. Da dare kuma duk sa'ad da ya yunƙura zai tashi salla sai ya sa shi ya koma barci, har ƙarshen dare ya yi, sa'an nan suka tashi tare. Ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, haka ransa, haka iyalinsa. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) sai ya gaskata Salmanu. Akwai waɗansu daga cikinmu da suke ɗaukar ramammen jiki da jajayen idanu alamar taƙawa. Su tuna da igiyar da Nana Zainabu ta ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci domin ta riƙa kamawa idan ta gaji da tsayuwa: umarni aka bayar a kwance ta.

Saboda haka keɓewa na ɗan lokaci domin zuciya ta dawo hayyacinta, jiki kuma ya sarara, ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu suna kiransa halwa, ko uzla, kuma Imamul Gazali ya ware masa babi guda a cikin Ihya'u, ya kuma ware wani babin ga ladubban tafiya. Inda maganar take da wuya shi ne wurin da matashin nan ya sa yatsa, wato aljihu.

Mu koma ga asalin halwa. Kowane ɗan makarantar allo ya san cewa kafin saukar wahayi Manzon Allah (S.A.W.) yana keɓewa a kogon Hira darare masu yawa. Amma akwai wata gaɓa a cikin hadisin Nana A'isha, wanda ke farkon littafin Buhari, da muke wucewa a kanta da sauri idan muna karantarwa. Ta ce yana yin guzuri domin wannan zama, idan guzurin ya ƙare sai ya sauko zuwa wurin Nana Hadiza ya sake yin wani, sa'an nan ya koma. Ku tsaya ku dubi wannan da kyau. Mafificin halitta ne, wanda Mala'ika Jibrilu yake dab da zuwa masa, amma bai hau dutse hannu rabbana ba yana cewa wanda nake bauta wa zai ciyar da ni. Ya ɗauki abincinsa, ya ƙidaya kwanakinsa gwargwadon abincin, kuma tsakanin halwa da halwa yana dawowa gida. Halwar da aka fara wannan addini da ita halwa ce mai guzuri, mai iyaka, wadda iyali suka san da ita suka kuma taimaka a kanta.

Haka kuma an ruwaito daga Ibnu Abbas cewa waɗansu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa hajji ba tare da guzuri ba, suna cewa su masu tawakkali ne, idan sun isa Makka kuma sai su shiga roƙon mutane. A kansu ne aka saukar da umarnin yin guzuri da ke cikin aya ta 197 ta Suratul Baƙara. To idan hajji, wanda yake rukuni ne, ba a yarda mutum ya tafi shi ya zama kaya a wuyan jama'a ba, ina ga tafiyar kwana biyu da ba ta wuce mustahabbi ba? Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bi wannan hanya har cikin i'itikafi. A cikin Muhtasar na Shehu Halil an lissafa daga cikin makaruhai mutum ya shiga i'itikafi alhali bai tanadi abin da zai ishe shi na ci da sha ba, domin kada bukata ta riƙa fitar da shi, ko ta sa ya zuba wa mutane ido. Shi ma Gazali, da ya bar kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1095, ya nufi Sham inda yakan hau hasumiyar masallacin Dimashƙa ya kulle kansa, ya faɗa da kansa a cikin Almunƙizu Minad Dalali cewa ya rabar da dukiyarsa amma ya ware abin da zai ishe shi da abincin ƴaƴansa. Mutane suna son ba da labarin fitarsa, ba su cika ba da labarin abin da ya bar wa yara ba.

Wannan darasi ba a cikin littafi muka fara koyonsa ba, kuma ba za mu ɓoye muku yadda muka koye shi ba, ko da yake akwai kunya a ciki. A shekarar 2005, wadda duk mutumin Damagaram da Maraɗi ya san irin yunwar da aka yi a cikinta bayan fari da fara na shekarar da ta gabace ta, muna samari masu zafin karatu, mu wajen goma sha biyar muka yanke shawarar fita kwana uku zuwa wani ƙauye domin mu huta da hayaniyar gari, mu yi tilawa, mu kuma yi wa mutane wa'azi. Kuɗin mota kaɗai muka haɗa. Wani daga cikinmu ya ce a sayi garin rogo, muka ce masa imaninsa ne da rauni. Muka sauka a masallacin garin. Limamin, dattijo ne mai fara'a, ya karɓe mu hannu biyu-biyu. Da dare ga tuwo, da safe ga fura, rana ta biyu har da nama. Muka ci muka ƙoshi, muna ta faɗa wa juna cewa ga albarkar fita saboda Allah. Mu kam mun sami abin da muka je nema: barci mai daɗi a kan rairayi, sanyin asuba, zuciya wasai.

Sai a rana ta uku, ɗayanmu ya zagaya bayan gidan liman neman ruwan alwala, ya ga yaran gidan sun kewaye wata ƙwarya suna cin tafasasshen ganye ba ko ƙuli-ƙuli. Da ya bincika sai ya ji cewa akuyar da muka ci ita kaɗai ta rage wa uwargidan, kuma geron tuwonmu daga cikin irin da aka ajiye domin shuka aka ɗebo shi. Dattijon nan bai ce mana komai ba. Ya rako mu har bakin hanya yana sa mana albarka, yana roƙon mu yafe masa ƙarancin abin da ya ba mu. Babu wanda ya buɗe baki a cikin mota har muka iso gida. Natsuwar da muka yi taƙama da ita, ashe da abincin waɗancan yara aka biya ta. Ya rasu tun da daɗewa, Allah Ya jiƙansa Ya saka masa da Aljanna, mu kuma Ya yafe mana.

Tun daga ranar nan muka fahimci cewa babu halwar da take kyauta. Idan ba kai ka biya ba, to wani ne ya biya maka, ko ka sani ko ba ka sani ba. Baturen nan da ya ba da kuɗinsa, aƙalla ya san nawa hutunsa ya ci, kuma daga aljihunsa ya fita. Mu kuwa sau da yawa mukan ɓoye lissafin a bayan kalmomi masu kyau: baƙo rahama ne, Allah ne mai ciyarwa, ɗan'uwa ba ya ƙin ɗan'uwa. Duk gaskiya ne. Amma hadisin da ya sanya liyafar baƙo kwana uku, wanda Buhari ya ruwaito daga Abu Shuraihu, shi ne kuma ya haramta wa baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Rabin farko muke haddacewa idan mu ne baƙi. Kuma mutanenmu suna da kunya: Bahaushen ƙauye zai sayar da tunkiyarsa kafin ya bari a ce malamai sun kwana da yunwa a masallacinsa. Wanda ya san wannan hali nasu ya kuma je musu hannu wofi a tsakiyar bazara, lokacin da rumbu ya koma ƙasa, ya yi amfani da kunyarsu ne, ko da bai nufi haka ba.

Dole mu yi adalci a nan. Jama'ar Tabligi, wadda Maulana Muhammadu Ilyasu ya kafa a yankin Mewat na ƙasar Indiya a shekarar 1926, kuma take da tsarin fita kwana uku a wata da kwana arba'in a shekara, ƙa'idarta ita ce kowa ya fita da kuɗin aljihunsa, su dafa abincinsu da kansu, kada su roƙi kowa. Wanda ya gan su da tukunyarsu da buhunsu ya ga abin koyi ta wannan fuska. Haka masu zuwa Maulidi a Kiyota, ko masu dogon zango zuwa Kaulaha a ƙasar Senegal, da masu zuwa wa'azin ƙasa a wannan gari ko wancan, a cikinsu akwai waɗanda suke tara kuɗin tafiyarsu dala-dala tun daga kaka. Ba wata ƙungiya muke nufi da wannan magana ba. A cikin kowace jama'a akwai mai lissafi, akwai kuma wanda yake hawa mota ya bar gida ba ko tiya ɗaya ta hatsi, ya ce ya bar su a hannun Allah. Lalle suna hannun Allah, amma Allah a hannunka Ya sanya ciyar da su. Abu Dawuda ya ruwaito cewa tozarta waɗanda mutum yake ciyarwa ya ishe shi zunubi, Muslim kuma ya ruwaito cewa a cikin dinaren da mutum zai kashe ta hanyoyin alheri daban-daban, wanda ya kashe wa iyalinsa ya fi lada. Ciyar da iyali wajibi ne, fita neman natsuwa mustahabbi ne, kuma ba a taɓa rushe wajibi domin a gina mustahabbi.

Mu mutanen ƙasar Kance ma bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan tafiya ba guzuri ba. A watan Oktoba na shekarar 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a cikin hamada, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su; mafi yawansu mata ne da yara, kuma da yawansu daga wannan yanki namu suka fito. Ba neman hutu ya fitar da su ba, talauci ne, kuma Allah Ya gafarta musu. Mun ambace su ne domin mu tambayi kanmu: a cikin matan da suke kama wannan hanya har yau, nawa ne suka fita saboda mai gidan ya daɗe da barin gida a hannun Allah?

To yanzu, shin ma'anar duk wannan ita ce hutun zuciya na mai kuɗi ne, talaka kuma ya ci gaba da gudu har ya faɗi? A'a. Kuskuren yana cikin zaton cewa natsuwa tana can nesa, sai an hau mota an biya kuɗin tasha kafin a same ta. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma lokacin da aka sake rufe su bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024, hanyar Ɗan Barto da Kwangwalam zuwa Daura da Kano ta yi wuya, mun ga mutanen da suka saba cewa ba sa jin daɗin ibada sai a wurin shehinsu na can. Waɗansunsu a lokacin ne suka gano cewa masallacin unguwarsu ma yana da sahun farko, kuma babu kowa a cikinsa bayan sallar Isha'i.

Ga i'itikafi. Mun taƙaita shi ga goman ƙarshe na Ramadan har mun manta cewa ya halatta a sauran watanni. Abin da aka fi so a mazhabarmu kwana goma ne, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, amma mafi ƙarancin da yake inganta yini ɗaya ne da darensa, da sharaɗin azumi, a cikin masallaci. Ma'aikacin da ya tashi aiki ranar Juma'a yana iya shiga kafin faɗuwar rana, ya kwana, ya wuni da azumi ranar Asabar, ya fita bayan Magariba. Me wannan zai ci masa? Tabarma, da buta, da sange saboda sauro, da abin sahur da na buɗa baki waɗanda ko a gida yake zai ci su. Malamanmu har sun karhanta wa mai i'itikafi ya shagala da koyarwa ko rubutu, domin ya keɓe ga salla da zikiri da tilawa. Idan littafin ilimi an ce a ɗan ajiye shi, ba sai an tambaya ba game da salula. Abin da waɗancan suke biyan dukiya a karɓe musu a bakin ƙofa, kai kana iya barinsa a hannun matarka ba ko sisi.

Sai dai akwai bambancin da ya kamata a kiyaye. Yin shiru yini guda a matsayin ibada ba ya cikin shari'armu. Sayyidina Abubakar ya tarar da wata mace daga ƙabilar Ahmas ta ɗauki alkawarin yin hajji ba tare da magana ba, ya umarce ta ta yi magana, ya ce wannan aikin jahiliyya ne. Abin da ake nema gare mu kame harshe daga zancen banza, tare da amsa sallama da faɗin alheri. Haka batun motsa jiki: miƙe gaɓoɓi, da tafiya a ƙasa, da jan numfashi a hankali, babu laifi a cikinsu, jiki ma yana bukatarsu. Amma inda aka haɗa su da kalmomin bauta na wani addini, ko rusuna wa rana, kamar yadda yake a waɗansu nau'o'in abin da Indiyawa suke kira yoga, Musulmi ya ɗauki motsin ya bar bautar, idan kuma ba za su rabu ba ya bar su duka. Rage ciki kuwa mun riga mun san ma'auninsa daga hadisin Tirmizi, inda aka kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Wanda kuma zaman garinsu ba zai bar shi ya huta ba, saboda masu bin bashi da masu sallama sun san inda yake, babu laifi ya fita. Canjin wuri yana da tasiri a zuciya, kuma wannan sananne ne. Amma ya zaɓi kusa a kan nesa, ya ajiye wa gida abin da zai ishe su har ya dawo, ya ware kuɗin komowa dabam kada ya taɓa su, ya ɗauki garinsa da ƙuli-ƙulinsa da dabinonsa. Idan zai sauka a masallacin ƙauye, ya shiga da tiya ɗaya ta gero a hannu domin gidan liman, ya kuma faɗa tun da farko, da ladabi, cewa ya zo da abincinsa. Kada ya ci bashi domin wannan tafiya. Wanda bashi ya hana shi barci, ya kuma ƙara wani bashin domin ya je ya yi barci, ranar Litinin zai dawo ya tarar da ciwon ya ƙaru.

Akwai wata tambaya da ba mu taɓa jin kowa ya yi ta a cikin masallaci ba, kuma mu kanmu sai da muka zauna tunanin amsar matashin nan ta faɗo mana. Ita matar gidan fa, yaushe take tata halwar? Ita ce take tashi kafin kowa, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi wanki, ta yi renon mara lafiya, ta kwanta bayan kowa. Ba ta da Asabar ba ta da Lahadi. Idan mai gida ya fita kwana biyu domin kansa ya huce, nata aikin ƙaruwa yake yi. Matan Annabi (S.A.W.) sun yi i'itikafi, kuma ba mu san wata aya ko hadisi da ya ce zuciyar mace ba ta gajiya ba. Mun sha ganin mutum ya je Kano ya je Kaulaha, alhali matarsa ta shekara biyu tana roƙon kuɗin mota ta je ta gaida mahaifiyarta a Takeita. Wanda yake son a yarda cewa hutunsa haƙƙi ne, to ya yarda cewa nata ma haƙƙi ne, kuma daga cikin jakunkunan nan takwas ne za a fitar da duka biyun.

Wannan shi ne abin da muka faɗa wa matashin da ya dawo. Bai ji daɗin duka maganar ba, musamman ta ƙarshe, domin ya ce shi bai taɓa jin ta ce ta gaji ba. Muka ce ya je ya tambaye ta.

Bayan mako biyu ya sake tsayar da mu a wuri guda. Bai bi ƴan'uwan nan zuwa wajen Magariya ba. Ya sayi hatsi na jaka biyar ya kai gida. Ranar Juma'a da yamma ya ari keke ya tafi wani ƙauye da bai kai tafiyar sa'a guda ba, da garin rogo a leda da tiyar gero ta gidan liman, ya bar wayarsa a gida. Ya shiga masallacin kafin Magariba ya fito bayan Magaribar Asabar, ya ƙara kwana, ya yi Lahadi yana zagaya gonaki a ƙasa, ya dawo da La'asar. Abin da yake damunsa, in ji shi, shi ne ya yi niyyar raya daren nan da salla, amma yana idar da shafa'i da wutiri barci ya kwashe shi, bai farka ba sai da kiran sallar farko, abin da ya yi watanni bai samu ba. Yana tambaya ko i'itikafinsa ya ɓaci. Muka ce bai ɓaci ba, muka kuma sake karanta masa labarin Salmanu da Abud Darda'i.

Jaka ukun da suka rage ya ba mai ɗakinsa. Za ta tafi Kance wurin mahaifiyarta ta kwana biyu da ƙaramin yaron, shi kuma zai zauna da manyan biyu; ya ce ƙanwarsa ta yi alkawarin za ta zo ta tuƙa musu tuwo, domin shi ko kunu bai iya damawa ba.

Muna sanar da jama'a cewa duk mai niyyar i'itikafin yini da dare a masallacinmu ya sanar da ladan tun ranar Alhamis, domin a bar masa ƙofar gefe a buɗe, kuma ya zo da tabarmarsa da abincinsa.